Keke a kwarin Korama: ta ina za a bi, kuma a wane wata?

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san kudancin jihar nan da ƙafarsu. Mu kamar takwas ne muke fita da keke ranar Lahadi, kuma hanyarmu ba ta canzawa: kwaltar Mirya, kilomita 18, mu juyo, manyan motocin Diffa suna ture mu gefen hanya. Mun gaji da kwalta. So muke mu gangara kwarin Korama ta burji da hanyoyin amalanke.

Ga abin da na tsara. Mu fita Damagaram ta kudu maso yamma, mu bi ta wajen Gogo da Macaya inda ake turo wa birni ruwan famfo, mu wuce Durum, mu faɗa kwarin, mu bi shi yamma har Dungu, mu ɓulla Matamaye. Daga can mu ɗora kekuna a mota mu dawo ta Kance da Takeita. Kekena irin na burji ne, mai lanƙwasasshen kai, faɗin tayarsa milimita 40. Wa ya san hanyar nan? Wane wata ya fi?

Baba Mai Faci:
Wa alaikumus salam ɗana. Kafin maganar wata, a yi maganar taya. Keken nan naka an ƙera shi ne don ƙasa mai tsakuwa, wadda ƙarƙashinta ke da tauri. Kudancin Damagaram kuwa rairayi ne. Burjin da kake gani a hanyoyin karkara da mota aka zubo shi, kuma duk inda ruwa ya kwashe shi, yashin asali ke fitowa. Da ka sauka daga inda aka zuba, taya mai milimita 40 yanka yashi za ta yi ta nutse, ba za ta hau kansa ba. Tsohon keken hawan dutse na gwanjo, mai taya inci 26, faɗinta inci 2 da ɗoriya, ya fi naka a can nesa ba kusa ba. Kuma in ya lalace a ƙauye, kowane mai gyara yana da kayansa a akwati.

Ɗan Birni:
Baba, ban ƙi maganarka ba, amma irin keken nan da shi ake yin tsere mai tsanani a duniya. A Amurka, a garin Emporia na jihar Kansas, akwai tseren da ake yi tun 2006, kilomita sama da 300 ba kwalta. A 2022 aka fara gasar duniya ta keken burji a Italiya. Ko a nan Afirka ana yin irinsa a Kenya, cikin dajin Masai Mara. In ya iya can, me zai hana shi nan?

Baba Mai Faci:
Duk wuraren da ka lissafa, ƙasarsu tana riƙe taya. Abin da ke damunsu can dutse mai kaifi ne da ke tsaga roba, da taɓo in an yi ruwa. Mu abin da ke damunmu ƙasa ce da ba ta tsayawa wuri ɗaya. Ban ce ka yar da kekenka ba. Ka duba ko ƙarfensa zai karɓi taya mai milimita 47 ko 50, da yawansu suna karɓa. Ka sa mafi faɗin da zai shiga, ka rage iska har ka ga tayar ta ɗan baje in ka hau. Yara suna cika taya tam don sun saba da kwalta, shi ya sa suke turawa da hannu tun kafin su kai Durum.

Ɗalibin Labarin Ƙasa:
Baba yana da gaskiya, kuma ƙasar da kanta ta nuna dalili. Birnin Damagaram a kan dutse yake zaune, ga manyan duwatsun Birni nan kowa na gani. Shi ya sa kilomitocin farko in ka fita gari ƙasar tana da tsakuwa, keke yana gudu, mutum ya zaci haka za a ƙare. Kana yin kudu dutsen sai ya nutse ƙarƙashin tsoffin jigayi na yashi, waɗanda ciyawa da itatuwa suka daɗe da kafewa. Korama tsakanin jigayin nan take kwance. Ba kogi ba ne mai gudu shekara duka. Kwari ne da ya taso daga wajen Kance ya yi gabas, rassa irin na Macaya da na Zarmu suna zubo masa, kuma da rani abin da ake gani jerin tabkuna ne da fadamu. Ruwan ƙasa a can kusa yake ƙwarai, a wasu wuraren rijiyar garka ba ta wuce tsayin mutum biyu ba. Wannan ne ya sa rake da rogo da albasa suke yi a wurin.

To mai keke ƙasa iri uku zai taka: tsakuwar kusa da birni, yashin jigawa, da laka ta fadama. Mafi wahala ita ce gangarar da ke tsakanin jigawa da fadama, inda amalanke ke sauka da hawa kullum suna tona yashi. A hoton tauraron ɗan adam wurin yakan fito fari fat, kuma mai zana hanya daga ɗaki yakan ɗauka babbar hanya ce mai kyau. Farin nan shi ne alamar a kauce.

Direban Magarya:
Ni hanyar Magarya nake bi kullum, ta Dogo da Bande. Shawarata, ku bi kwalta har Dogo, sannan ku shiga kwarin daga can. Kun rage wa kanku wahalar jigawa.

Ɗan Birni:
Yaya, ai kwaltar muke gudu.

Direban Magarya:
Na ji. To in burjin kuke so, ku san gargadarsa. Mu masu mota mu ke haddasa ta, tayoyi suna dukan ƙasa da gudu har ta yi kunya-kunya. Mota in ta ƙara wuta sai ta bi ta samansu, keke ba shi da wannan gudun, kowace kunya sai ta shiga hannunka da bayanka. Ku riƙa bin can gefe inda ƴan kabu-kabu suka daddale. Kuma in kun hango ƙura, ku sauka daga hanya gaba ɗaya, domin direban da ke cikin ƙurar wata mota ba ya ganin mai keke. Ranar kasuwa ta fi muni.

Na Dungu:
Salamu alaikum. Na karanta duka, kuma akwai mutanen da ba a ambata ba, alhali su ne suka fi kowa sanin amsar. Masu ɗaukar rake. Tun ina yaro nake ganinsu suna fitowa daga fadama da asuba, an ɗaure dami a bayan keke ya fi mai keken nauyi, keken ma Phoenix ne mai giya ɗaya, birkin sanda, kuma suna isa kasuwa kafin rana ta yi zafi. Ba ƙarfi kaɗai ba ne. Ba sa bin hanyar amalanke. Hanyar amalanke ramuka biyu ne na yashi, tsakiya kuma kofaton shanu ya tona. A gefenta, wani lokaci taku goma, wani lokaci can cikin gona, akwai siririyar turba da ƙafa da tayar keke suka daddale, faɗinta bai wuce tafin hannu biyu ba. Nan ƙasar ke da tauri. Wanda ya hau ta zai yi tafiya mai nisa bai sa ƙafa ƙasa ba, wanda ya rasa ta kuma zai tura keke har azahar yana kallon ƙauyen da yake nufi.

Abin da ya kamata ku sani shi ne turbar nan ba ta zama wuri ɗaya. Da damina mai gona ya nome ta. Bayan girbi wani ya fara ratsawa, wasu su bi sawunsa, sabuwa ta fito, wataƙila ta ɗaya gefen gawon. Bana daban, bara daban. Saboda haka tambayar "wa ya san hanyar" amsarta ba ta cikin wannan zaure. Tana bakin mutumin da ya fito da rake yau da safe.

Baba Mai Faci:
Allah ya yi maka albarka. Su ne abokan cinikina na asali. Ka duba tayarsu, za ka ga sun yanka tsohuwar taya sun shimfiɗa a cikin sabuwa saboda ƙaya. Nauyi ne, amma ba sa tsayawa faci a daji.

Direban Magarya:
Maganar wata kuma, ni na ce ƙarshen damina. Yashi in ya sha ruwa yakan kwanta ya yi tauri, ko mota ta san haka. Washegarin ruwa, hanyar da ke kafe mota da rani sai ka wuce ta kamar ba ita ba. Ga sanyi, ga kore ko'ina. Satumba.

Na Dungu:
A'a Yaya, ban yarda ba. Gaskiya ne yashi yana kwanciya, amma a Satumba hatsi yana tsaye ya fi mutum tsawo, turbobin da nake faɗa duk suna ƙarƙashin shuka. Mai gona ba zai ga baƙi takwas sun shigo masa cikin gero da kekuna ya yi shiru ba, kuma yana da gaskiya. Fadamar kuwa ruwa ne kwance. Lakar can in ta jiƙe tana manne wa taya har ta cika tsakaninta da ƙarfe, keke ya ƙi juyawa ko da turawa. Sannan lokacin ne ƙarangiya ke nuna. Duk wanda ya faɗi a cikinta, tafiyar ranar ta ƙare.

Ɗalibin Labarin Ƙasa:
A ƙara da cewa damina mai ƙarfi tana sauya hanyoyin kansu. Ruwan 2024 da ya rushe tsohon masallacin Birni bai tsaya a birni ba. A karkara ya yanka kwazazzabai a inda babu su da, ya binne wasu mashigai da yashi. Duk taswirar da aka zana kafin wannan shekarar sai an sake duba ta da ido.

Malama a Matamaye:
Sannunku da muhawara. Ni da keke nake zuwa makarantar da nake koyarwa, a wani ƙauye gabas da Matamaye, don haka ina ganin hanyar a kowane yanayi. Lokacin da ya fi daɗi shi ne daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba. An gama girbi, an kwashe dammuna, turbobi sun fito, yashin bai gama sakin jiki ba, fadama ta tsane, ga rake ya fara fitowa. Da an saki gonaki dabbobi sun shigo cin kara, cikin ƴan makonni kofato zai farfasa komai. Zuwa Fabrairu hanyar da nake yi a kan sirdi rabinta turawa ce. Daga Maris kuwa ba na ba kowa shawara.

Amma Ɗan Birni, wannan da ka tsara ba tafiyar yini ɗaya ba ce ga wanda bai saba ba. Ta kwalta ma tsakaninmu da Damagaram ya haura kilomita 80. Kilomita ɗaya a yashi kada ka lissafa shi daidai da na hanyar Mirya.

Ɗalibin Labarin Ƙasa:
Akwai abu ɗaya da tsarin nasa ya dace da shi: iska. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa. Mai fita Damagaram ya nufi kudu maso yamma tana bayansa tana tura shi, kuma ƙasar gangarawa take a hankali zuwa kwarin. Wanda ya ce zai dawo a kan keke zai gamu da ita gaba da gaba, ga hawa, ga gajiya, kuma da hantsi take ƙara ƙarfi. Dawowa a mota hankali ne.

Ma'aikacin Lafiya:
Sanyin Disamba yana ruɗin mutane. Iskar a bushe take, gumi yana bushewa kafin ka gan shi, sai mutum ya ƙare ruwan jikinsa bai sani ba. Kowa ya ɗauki aƙalla lita 3, ya ƙara a ƙauyukan da ke da famfo. Ku riƙe gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wanda ya fara ciwon kai ko jiri, a zaunar da shi a inuwa a ba shi, kada a ce ya daure.

Sai tabkunan. Ruwan da ke kwance a irin waɗannan wurare yana iya ɗauke da tsargiya, kuma ta fata take shiga, ba sai an sha ba. Kada zafi ya sa ku faɗa wanka, kada ku tsaya wanke keke a ciki. In mashigi ya tilasta, a ratsa da sauri a goge ƙafa.

Ɗalibin Labarin Ƙasa:
Ina da buƙata. In za a yi tafiyar, a bar wayar mutum ɗaya tana ɗaukar sawun hanya tun daga fita har isa. Manhajoji irin su OsmAnd suna aiki ko babu intanet in an sauke taswirar tun a gida. Bayan nan mu ɗora sawun a OpenStreetMap, taswirar intanet da kowa ke iya gyarawa, da manhajar ƴan keke ta Strava, kowa ya samu. Yankin nan a taswirar duniya kusan fili ne, ƙauyuka da dama ba su da ko suna. Wannan dama ce.

Na Dungu:
Nan ne zan tsaya maka, ƙanena. Turbar da ke bi ta tsakiyar garkar mahaifina ba hanyar gwamnati ba ce. Alfarma ce. Ya bar maƙwabta suna ratsawa don ya san su, ya san iyayensu, in ɗansu ya karya masa rake ya san ƙofar da zai buga. Ranar da ka ɗora ta a waya, ta zama ta kowa. Yau ku takwas ne masu ladabi, gobe wasu ne a kan babura suna bin layin da waya ta nuna musu, su tattake kwamin albasa, su ɓalle shinge, su ce ai taswira ce ta ce hanya ce. Abin da zai biyo baya na san shi: tsoho zai sare ƙaya ya toshe wurin, masu rake da ƴan makaranta su koma zagaye cikin yashi. Ku kun yi yawonku na yini ɗaya kun koma birni, su aka bari da wahalar.

Ɗalibin Labarin Ƙasa:
Yaya, na fahimci tsoron, amma rashin taswira ma yana da farashi. Motar asibiti da ke neman ƙauye da dare, masu rigakafi, masu gyaran famfo, duk suna ɓata lokaci saboda ba a zana hanyoyin ba. Kuma masu keken da za su zo baƙi ne masu sayen rake da fura da tsire. Kuɗi ne ke shiga ƙauye.

Na Dungu:
Motar asibiti ba ta bin turba mai faɗin tafin hannu biyu. Hanyar amalanke take bi, wannan kuwa ka zana ta, ni ma zan taya ka da sunayen ƙauyuka da inda famfo yake. Abin da na ƙi shi ne a ɗauki abin da mutum ya bayar don zumunci a raba wa duniya ba a tambaye shi ba. Kuma na riga na faɗa, turbar ba ta zama. Wanda ya bi sawunka baɗi zai tsinci kansa a tsakiyar rogon wani.

Malama a Matamaye:
Ina bayan Na Dungu a nan, ko da yake ina son taswira, ina ma koyar da ita. Mu da ke bin turbobin nan kullum muna biyan wani abu da baƙo ba ya gani. In na iso garka ina sauka in tura, in yi sallama, in tambayi lafiyar iyali. In akuya ta shiga shuka na gani, ina korar ta. Da haka hanyar take buɗe mini. Akwai kuma wuraren da turba ke bi ta bayan gidaje, inda mata ke sussuka da daka ba lulluɓi. Ayarin samari da gajerun wanduna masu kama jiki su ɓullo nan ba sallama, ba ƙaramin abu ba ne a ƙauye. Ku sa dogon wando a sama, ku rage gudu tun daga rumbunan farko, kuma kada wanda ya ɗaga waya ya ɗauki hoton mace ko yaro bai nemi izini ba.

Ɗan Birni:
Malama, wannan mun karɓa ba gardama. Maganar sawun fa, in aka raba biyu? Burji, hanyar amalanke da burtali a ɗora, tunda na kowa ne. Abin da ya ratsa gona ko garka a goge shi kafin a ɗora.

Ɗalibin Labarin Ƙasa:
Zan iya yanke shi haka. Ina dai ganin wata rana masu garkar da kansu za su so a san hanyar zuwa wurinsu, musamman masu neman mai sayen rake a bakin gona. Amma su ne za su faɗa.

Na Dungu:
In sun faɗa, shi ke nan. Burtali kuma ku yi hattara da shi. Na kowa ne, amma makiyayi ya fi ku haƙƙi a ciki. In kun haɗu da garke ku tsaya ku sauka a gefe, kada ku kutsa tsakiya kuna buga ƙararrawa. Saniya mai ɗan maraƙi ba ta san wasa ba, karnukansu ma haka.

Alhaji na Mirya:
Yara, na bar ku kun yi ta yi. Ni tambayata, me ya sa za ku fara da mai nisa? Ku da kuke zuwa Mirya kowace Lahadi kuna juyawa a bakin kwalta, kun taɓa shiga garake? Kwarin Zarmu ta nan ya bi kafin ya gangara ya sadu da Korama. Ga kukoki, ga mangwaro, ga turbobi tsakanin shinge, ga yashi daidai gwaji. Duk abin da Baba da Na Dungu suka faɗa za ku ɗanɗana shi a nan, kuma in keke ya ƙi, kwalta na kusa, ranar ma kasuwarmu ke ci, mota ba ta yankewa. Ku gwada tayoyinku a nan tukuna. Wanda ya ji daɗi, wata Lahadin ku miƙa kudu wajen Guna. Masu ƙarfi kuma akwai Gidimuni a gabas, tabki da dabino, amma wannan yawancinsa kwalta ne.

Abu ɗaya: inda kuka ga ƙasa ta yi fari da kanwa a bakin tabki, kada ku hau. Samanta ɓawo ne, ƙarƙashi taɓo. Kanwar kuma tana cin ƙarfe.

Baba Mai Faci:
Alhaji ya kawo maganar ƙarfe, bari in ƙarasa. Sarƙa ita ce ke fara mutuwa a yashi, kuma mai ne ke kashe ta. Masu zuba baƙin man inji suna jin sun kyauta mata, alhali yashi ke mannewa ya zama abin wasa wuƙa, yana cin sarƙa da haƙoran giya tare. A goge ta da tsumma ta bushe, a ɗiga mai kaɗan a kowace gaɓa, a sake gogewa har hannu ba ya baƙi.

Ƙaya kuma iri-iri ce. Tsidau yana kwance a ƙasa inda dabbobi ke tsayawa, bakin rijiya da bakin kasuwa. Ta aduwa doguwa ce, tana huda taya har ta taɓa ƙarfe. Ta gawo tana ƙarƙashin inuwar da za ku so ku huta, don haka a ɗaga keke a shiga da shi, kada a tura. Ɗana, na ga irin kekenka da ba ya da roba a ciki, sai wani farin ruwa da ke toshe huda da kansa. Yana aiki a kan ƙananan ƙayoyi, na gani da idona. Amma zafin nan namu yana busar da shi da wuri, kuma in ya ƙare ba za ka same shi a Durum ba. Kowa ya riƙe robar ciki biyu, faci, gam, da famfon hannu. Mai taya irin taka ya tabbata robar girman tayarsa ce, domin ta inci 26 da ke ko'ina ba za ta shiga ba.

Ɗalibin Labarin Ƙasa:
Tunda an ambaci gawo, shi kaɗai ya isa dalilin tafiyar. Tsakanin Mirya, Matamaye da Magarya gonaki cike suke da shi, kuma yawancinsa ba dasa shi aka yi ba. Bayan farin da aka yi a shekarun 1980 manoma suka riƙa barin tsiron da ya fito da kansa, suna sassabe masa suna kare shi. Da damina yake zubar da ganye ya bar hatsi ya sha rana, da rani ya yi kore ya ba dabbobi ƴaƴa. A Disamba za ku tarar da shi da ganye, gonaki kuwa sun bushe. Masu bincike daga ƙasashen waje suna zuwa musamman don ganin wannan yanki.

Alhaji na Mirya:
Kare gawo ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Tun zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, sare shi laifi ne babba a Damagaram. Ku ma kada wanda ya karya reshe don hura wutar shayi.

Direban Magarya:
Kowa ya riƙe katinsa na ɗan ƙasa. Kudancin Matamaye iyaka na kusa, Ɗan Barto ba nisa, kuma akwai jandarmomi a hanya. In kuna da yawa, ku fara gaida mai gari a duk inda za ku yada zango. Maganar mota kuma, kekuna takwas ba sa shiga saman ƙaramar motar haya tare da kayan fasinja. Ku yi magana da direba tun kafin ranar.

Malama a Matamaye:
Akwai mata a cikinku? Ina tambaya ne don ɗalibaina mata da dama suna zuwa makaranta a kan keke, wasu kuma iyaye sun hana su da zarar sun fara girma. In suka ga manyan mata sun iso daga Damagaram a kan keke cikin shiga ta mutunci, zai yi tasirin da maganata ba ta yi ba.

Ɗan Birni:
Akwai biyu, Malama, ɗaya ƙanwata ce. Za su so su gan ki.

To ga inda na tsaya. Lahadi mai zuwa garaken Mirya, kamar yadda Alhaji ya ce, kowa da keken da yake da shi, mu ga wanda zai tura. Ranar Alhamis zan kawo nawa wurin Baba a gwada taya mai faɗi. Ta Korama kuma farkon Disamba, a raba ta biyu da kwana a hanya, in an samu masauki. Na Dungu, za a samu mai rake ɗaya da zai yarda ya ja mu daga inda za mu faɗa kwarin har garinku? Za mu biya shi ladan yininsa, tunda mun hana shi kasuwa.

Na Dungu:
Za a samu. Akwai ɗan baffana da ke wannan aikin, zan kira shi da dare. Amma shi ya san ɓangarenmu ne kawai, daga Durum zuwa kwari sai an nemo wani. Ku sani kuma da sallar asuba yake fita, ba ya jiran wanda bai gama shiri ba.

Ma'aikacin Lafiya:
Ina da abokin aiki a wajen Durum, zan tambaye shi wa ke bin wannan hanya da keke, da kuma inda za ku kwana. Ku turo mini adadinku kafin Juma'a, da wanda ke da ciwon da ya kamata a sani, irin asma, saboda ƙurar hunturu.

Baba Mai Faci:
Alhamis kasuwar Dole ke ci, rumfa takan cika. Ka zo kafin ƙarfe tara, ka taho da sauran kekunan ma in duba birki da sarƙa.